Jinyar Surukina da Kunun Ots

Assalamu alaikum. Sunan wanda na yi jinya ba zai fito a rubutun nan ba, domin uban mijina ne. Ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ba kuwa zan fara da alƙalami ba. Baba muke ce masa. Ni sunana Barira, a Gangara nake aure, ƙasar Gazawa. Wata ƙawata da uwarta ta kwanta bana ce ta matsa mini in faɗi yadda muka yi, ko wani ya tsira daga abin da ya kusa kai mu zaman makoki. Na yarda, amma akwai wuraren da zan wuce da sauri, don har yau in na tuna su sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mijina Sanusi yana Aljeriya yana aikin gini. Uwarsa ta rasu tun kafin in zo gidan. Daga ni sai Baba sai 'yan matana biyu ƙanana. Zamanmu da Baba irin na surukan da ne: ban taɓa cin abinci yana gani ba, ban taɓa shiga ɗakinsa yana ciki ba. In na kawo tuwo sai in durƙusa bakin ƙofa in ajiye. In yana son wani abu sai ya ɗaga murya ya ce da yara, "Ku gaya wa uwarku ruwan randa ya ƙare," alhali ina tsaye ina jinsa. Haka muka zauna shekaru, ba wanda ya taɓa ɓata wa wani.

Ƙarshen bazara ne, ana sharar gona. Ya dawo da azahar zai yi alwala, na ji buta ta faɗi. Da na leƙa sai na gan shi zaune a ƙasa, bakinsa ya karkace, hannun dama yana lilo. Na ruga na kira maƙwabcinmu Malam Idi, abokinsa tun ƙuruciya. Shi ya samo amalanke muka kai shi asibitin gari. Majo, wato babban mai jinya na wurin, ya auna shi ya ce tansiyo ta hau ƙwarai, wato hawan jini, mu wuce gaba. Daga Gazawa aka tura mu Maradi.

A Maradi na ga layi. Layin karɓar kati daban, na gwajin jini daban, na farmasi daban, kowanne ka kai gaba a ce maka ba nan ba ne, koma can. Ba na mantawa da wata mai shara da ta ga ina ta kewaya da takarda a hannu, ta ajiye tsintsiyarta ta raka ni har ƙofar da nake nema. Allah Ya saka mata. Lokotoro, wato likita, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma Baba yana da ciwon sukari da ya daɗe a jikinsa ba a sani ba. Sai a lokacin na tuna yawan shan ruwansa da ramar da ya yi, waɗanda muka ɗora wa zafin bazara.

Ranar da za a sallame mu, wata mai jinya ta zaunar da ni ta yi mini bayanin abinci. Ba sukari, ba fura mai zaƙi, a rage shinkafa. Kuma tunda haɗiya tana yi masa wuya, a riƙa ba shi abu mai laushi. Ta ce, "In kin samu abuwan, ki dama masa."

Na ce, "Abubuwan me?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce da Faransanci ne sunan, 'yan Najeriya ots suke ce masa, wani hatsi ne na ƙasashen sanyi da ake matsewa ya yi fale-fale. Mutanen ɗakin duk suka taya ta dariya. Na sunkuyar da kai na ce to.

A wata butik, wato kanti, a Gazawa na samu na gwangwani. Ƙanana ne, farare, kamar an murje su da hannu. Wannan bai ba ni wahala ba: ruwa ya tafasa, ki zuba, ki juya kaɗan, ya yi kauri. Ina sa masa tsamiya da 'yar citta don ya yi kama da kunun da ya sani. Ya karɓa. Makonnin farko sun tafi lafiya. Malam Idi yana zuwa safe da yamma, shi ke yi masa wanka, shi ke tallafa shi zuwa makewayi, shi ke juya shi a gado. Ni tawa dafuwa da wanki da miƙa magani daga bakin ƙofa. Maganar Baba ta fara fita, har yana tsokanar yara.

Ana cikin haka yayar mijina, Yaya Hajara, ta zo daga Gidan Runji. Ta zo da man shafawa, da rubutun sha, da wani sassaƙe da ta ce ya tayar da wani gurgu a ƙauyensu, da kuma kwali guda na ots. Nata a 'yan ƙananan ledoji yake, ko wuta ba ya so, ruwan zafi kawai za a zuba. Yana ƙamshin madara. Baba ya sha ya lashe cokali. Da na kai shi awo majo ya ga sukarin ya tashi, ya ce in kawo abin da yake ci. Ya yaga leda guda ya zuba mini a tafin hannu ya ce in ɗanɗana. Zaƙi kamar alewa.

Ya ce, "Wannan rabinsa sukari ne. Ba kowane ots ne na mara lafiya ba. In kin ga mai ƙamshi, ki bar wa yara."

Da na faɗa wa Yaya sai ta ɓata rai. Ta ce, "Ni da ubana za ki koya wa abin da za shi ci? Wanga na masu kuɗi na, ke dai ba ki san shi ba." Ba ta daɗe ba ta koma, don tana da goyo kuma shuka ta gabato. Na ba yarana sauran suka shanye.

Da ruwa ya sauka abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda, kuma nan ne na ruɗe. Na farko, Malam Idi ya tashi zuwa gonarsa mai nisa, can wajen Cadawa, inda yakan yi bukka ya zauna har a gama noma. Ya zo ya yi wa Baba sallama, ya ce da ni, "Ai jiki ya yi sauƙi, yana iya dafa bango." Na ce Allah Ya ba da damina mai albarka. Na biyu, gwangwanin ya ƙare, kuma lokacin hanyar iyaka ta yi tsauri, kayan Najeriya sun yi wuyar samu. Mai butik ya ce na gwangwani babu, sai wani a babbar leda. Shi wannan manya ne, masu kauri, kamar an daka ƙwayar kabewa ta baje.

Na dama shi yadda na saba dama na farko. Ya fito tsararo, ƙwayoyin suna yawo a ruwa, da tauri. Na kai. Kwano ya dawo kusan yadda na kai shi.

Na ce laifina ne. Washegari na jiƙa shi tun da asuba, na ƙara ruwa, na bar shi a wuta ya daɗe har ya narke. Ya yi kyau, ni kaina na ɗanɗana na ji ya fi na gwangwani gardi. Kwano ya dawo an taɓa cokali biyu ko uku. Na zuba shi a turmi na ɗan daddaka ya koma ƙanana kamar na farko. Haka kwanon ya dawo. Na kai injin niƙa aka mayar da shi gari na tuƙa tuwo. Ya yi danƙo yana bin muciya, sai da na haɗa da garin dawa ya tsaya. Na yi miyar kuka mai daɗi. Ya gutsuri gefe ya rufe. Na gwada fura da shi, ta ƙi dunƙuluwa, ta yi yauƙi kamar kuɓewa, wannan ko kaiwa ban yi ba. Na haɗa da garin wake na yi ɗanwake. Kowanne ya dawo.

Matan unguwa kowa da nata. Wata ta ce abincin Turawa ba ya riƙe cikin Bahaushe. Wata ta ce in nemo acca. Wata ta ce a gabana, wai tsoho ya saba da hannun matarsa marigayiya, girkin 'yan zamani ba ya shigarsa. Wannan ta zauna mini a rai. Sanusi in ya kira ya tambayi ko Baba na cin abinci, sai in ce yana taɓawa. Kunyar in ce ubansa ya ƙi girkina nake ji.

Wata rana da hantsi na ji ya ce da babbar 'yata, "Tambayi uwarki, ina gwangwanin nan?"

Na ce shi ke nan, na gwangwani yake so, ya gaji da haƙuri ya faɗa. Tsohon gwangwanin na riga na ba mai manja. Na sayar da akuyata ranar kasuwa, na ba wani ɗan kabu-kabu mai shiga Najeriya saƙo. Da ya kawo na dama da murnata na kai. Baba ya dubi kunun, ya ce da yarinyar, "Ce mata ta juye garin a wani abu, ta ba ni gwangwanin." Na juye na ba shi. Na zaci tasbaha da magungunansa zai zuba. Kunun kuwa ya dawo, har ya yi fata a sama.

Na zauna a madafa na yi kuka ranar. Ban san me zan ƙara yi ba.

Akwai abubuwan da na gani ban karanta ba. Butar ruwan shansa da nake cikawa da safe sai yamma ta yi ba ta kai rabi ba. Ranar da na dawo daga rijiya na tarar da ƙasa a gwiwar wandonsa da ƙujewa a goshinsa, ya ce da yara daga gado ya zame. Kullum in zan fita sai ya tambayi yara ko uwarsu za ta daɗe. Duk na gani. Hankalina yana kan tukunya.

Maganin sukarin kuwa ban taɓa fashin ba shi ba, safe da yamma, kamar yadda aka rubuta.

Wata safiya na ajiye kunu na yi sallama bai amsa ba. Na sake. Na tsaya bakin ƙofa ina ta jan ƙafa, wallahi har a lokacin ina tunanin ko ya dace in shiga. Da na ɗaga labule na gan shi ya jiƙe sharkaf da gumi, idanu a kafe, yana wani irin minshari. Ɗakin yana wari. Na fita da gudu ba ko mayafi.

Majo ya zo da kansa a kan babur. Ya soki yatsarsa ya duba, ya ce sukari ya faɗi ƙasa warwas. Ya yi masa allurar ruwan sukari a jijiya, abin da aka hana shi shi ya dawo da shi. Da ya farfaɗo majo ya danna cikinsa, ya ji shi kamar dutse. Ya juyo gare ni.

"Yaushe rabonsa da bayan gida?"

Na kawar da kai gefe.

"Da ke nake. Ba ke ke jinyarsa ba?"

Na ce, "Surukina ne."

Ya ce, "Na san surukinki ne. Yaushe rabonsa?"

Na ce ban sani ba. A gaban maƙwabta da suka cika tsakar gida na faɗi haka. Ya girgiza kai ya ce a nemo mota, Gazawa za mu.

A can aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi masa abin da ake yi wa wanda cikinsa ya toshe. Ba zan bayyana ba. Aka ce in fita. Na zauna a dakali ƙarƙashin tagar ɗakin, ba da niyyar saurare ba, nan ne kawai inuwa take. Sai na ji lokotoro yana tambayarsa don me ya daina cin abinci, ko abincin ne ba ya so.

Baba ya ce, da muryarsa da ba ta gama warwarewa ba, "Abinci ba shi da laihi. Yarinyar ta iya girki. Ni ƙamshin ma wahalshe ni yake."

"To me ya hana ka ci?"

Baba ya ce, "In na ci, dole in fita. In na sha, dole in fita. Wa zai kai ni? Ɗiyar mutane ce. Amana aka ba mu."

Ya gaya masa yadda yake jira in tafi rijiya ya ja jiki da hannu ɗaya zuwa makewayi, da yadda ya faɗi a can ya kusa kasa dawowa. Daga ranar ya yanke shawarar rage ci. Gwangwanin kuwa fitsari yake yi a ciki, ya tura ƙarƙashin gado.

Na sayar da akuya don in kawo masa abin da yake marmari, ashe mazubi yake nema, ya kasa faɗa, ni kuma na kasa tambaya. Mutum yana kashe kansa da yunwa taku kaɗan daga murhuna, ni ina can ina auna ruwan kunu.

Lokotoro ya kira ni daga baya. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce mai shan maganin sukari in bai ci abinci ba maganin na iya kashe shi. Ya ce ots ba magani ba ne, kuma in ba a sha ruwa sosai ba shi kansa yana ƙara ɗaure ciki. Da babba da ƙarami duk ɗaya ne a ciki, babban ma ya fi alheri ga mai sukari don ba ya saurin narkewa. In babu, geron da ba a surfe shi tas ba, da wake, da zogale, da kuka, sun wadatar, a dai ba shi daidai kima. Sannan ya ce, "Abin da yake bukata ba a butik yake ba. Wanda zai tambaye shi yake bukata."

Da yamma na shiga ɗakin. Na durƙusa gefen gadon, kusa da shi fiye da yadda na taɓa yi. Ya juyar da kai wajen bango. Na ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am."

"Na ji abin da ka gaya wa lokotoro."

Na ga hawaye yana bin gefen fuskarsa da ya shanye, ba ya ko jin sa.

Na ce, "In ka mutu da yunwa a hannuna, me zan ce wa Sanusi? Me zan ce wa Allah? Ka ɗauka ni ka haifa, har ka warke. In ka warke sai mu koma yadda muke."

Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka. Akwai sauran kunun?"

Wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini kai tsaye, ba ta bakin yara ba.

Da muka koma gida na sa kafinta ya huda tsohuwar kujera, na sa bokiti a ƙasa, na ɗaura zane ya zama labule a kusurwar ɗakin. Muka yi yarjejeniya ba tare da mun faɗa ba: in yana bukata sai ya buga sandarsa a ƙafar gado. In shiga, in tallafe shi ta ɓangaren da ya mutu, in zaunar da shi, in fita. In ya sake bugawa in dawo. Ba zan yi ƙarya in ce kunyar ta tafi ba. Ranar farko ni ina kallon rufin ɗaki, shi ya runtse ido yana salati, muka kusa faɗuwa tare. Har aka gama jinyar ban taɓa ɗaukar bokitin nan ba tare da na ji nauyi a fuskata ba, shi ma bai taɓa buga sandar ba sai ya kai maƙura. Wanka dai na roƙi limaminmu ya samo dattijon da ke zuwa yi masa. Da na san roƙon ba shi da wuya haka, da tun tafiyar Malam Idi na yi.

Magana ta fita gari. A rijiya na ji wata na cewa wai Barira ta zubar da kunya, har ɗakin surukinta take shiga. Yaya Hajara ta kira Sanusi ta ce abin da nake yi ba tarbiyya ba ce. Amma ba ta zo ta karɓe ni ba. Sanusi da na gaya masa komai, har abin da na ɓoye a baya, sai na ji yana jan hanci a waya. Ban riƙe kowa a rai ba, sai dai na rage zuwa rijiya lokacin da mata suka fi taruwa.

Baba ya koma cin abinci kamar mai ramuwa. Babban ots ɗin nan da na yi ta zargi shi ya fi so, in an jiƙa shi an dafa da tsamiya. Da ledar ta ƙare ban sake saye ba. Na koma kunun gero da dusarsa, wani lokaci in haɗa da alkama in na samu. Sukarin ya daidaita. Majo kan tsaya in ya biyo ta unguwarmu, ya tambaye ni tambayar nan tasa, ni kuma in ba shi amsa, ko da kaina a ƙasa.

Ga mai jinyar babba, abin da zan ce kaɗan ne. In kwano ya dawo da abinci, kada ki tsaya kan tukunya kawai. Ki duba ruwan da ya sha. Ki san wa ke kai shi makewayi, in babu ki nemo, in ba ki samu ba ki zama ke ce. Kuma kada ki ba shi maganin sukari a kan yunwa.

Lokacin girbi, wata rana da la'asar ina sussukar gero a tsakar gida, na ji ƙarar sanda. Na ajiye taɓarya zan nufi ɗakin, sai na lura ba a ƙafar gado ake bugawa ba, a ƙasa ne, kuma ƙarar tana matsowa. Baba ne tsaye a bakin ƙofarsa, buta rataye a wuyan hannunsa mai lafiya, yana jan ƙafar dama. Ya nufi makewayi shi kaɗai. Zanin da na shanya yana kan hanyarsa, ƙasar wurin kuma ba daidai take ba. Ƙafafuna suka so su tafi. Na hana su. Na juya masa baya, na ɗauki taɓaryata, na ci gaba da sussuka da ƙarfi don kada ya zaci ina sauraren takunsa, hawaye na zuba cikin turmi.

Da ya dawo ya zauna a kan tabarmarsa yana haki. Ya huta. Sannan ya ɗaga murya ya kira ƙaramar 'yata.

"Ke, gaya wa uwarki a ƙara tsamiya a kunun gobe."